Megger ko na'urar LCR: wacce za ta yi maka aiki?

Ƙanena, ka ce ka kwaɓa efoksi da tokar ɓuntun shinkafa ya daskare, kana son auna lambarsa ta dayelektirik, wato sau nawa ya fi iska riƙe caji, shin Megger ɗin mai gyaran wutar unguwarku za ta wadatar, ko sai ka nemo LCR?

Kowacce da tambayar da take amsawa. Megger tana danna wa abu wutar DC mai ƙarfi, 500V ko 1000V, ta ga ko wuta na yoyo ta cikinsa. Shi ya sa ake gwada kebul da taransifoma da ita. Za ta gaya maka ko haɗin naka yana tare wuta, shi ke nan.

Ita kuwa LCR da lallami take aiki: 'yar wutar AC wajen 1V, a 100 Hz, 1 kHz har 100 kHz. Tana nuna yawan cajin da abin ke riƙewa, da wanda ke salwanta ya koma zafi, wato D ɗin da ke fuskarta. Ita kake buƙata.

Sai dai samun na'urar ba shi ne gama aiki ba. A ce ka yi faifai da haɗin naka, faɗinsa 50 mm, kaurinsa 2 mm, ka sa shi tsakanin ƙarafa biyu masu faɗinsa. Da iska ce tsakanin ƙarafan biyu, 8.7 pF za ka gani (pF ƙaramin ma'auni ne na riƙe caji). In na'urar ta nuna 35 pF da faifan a tsakani, ka raba da 8.7, ka samu 4, lambarka ke nan, kusa da na efoksi zalla. Ka ga ƙanƙantar adadin? Wayoyin gwajin kaɗai na iya ƙara maka 'yan pF, don haka ka saita na'urar da wayoyin a buɗe, sannan a haɗe, tukuna. Ka goge faifan sumul, ka shafa fentin azurfa gaba da baya, don 'yar iskar da ta maƙale a tsakani sai ta ja lambar ƙasa.

Babban mugun shi ne laima. Lambar ruwa kusan 80 ce, toka kuma akwai shan danshi. Faifan da ya kwana kan tebur cikin Agusta zai ba ka lamba mai daɗin gani, amma ta ƙarya. Ka busar da shi a oben, ka rufe a kwalba da silika mai tsotse danshi har lokacin gwaji.

In malaminka ya nemi juriyar DC ma, sai ka ari Megger ɗin. Bayan gwaji ka sauke cajin kafin ka kai hannu, yana fizga.