Harshen kilarinet a yanayin Garwa da Marwa: Vandoren, Rico da Légère, yadda suke tsufa da lokacin jefarwa

Kwalin Vandoren shuɗi, wanda kamfanin ke kira Traditional, harsuna 10 ne a ciki, kowanne a naɗe cikin ledarsa da ba ta shan iska. Harshe shi ne ɗan siririn karan nan da ake ɗaurewa a bakin kilarinet, kayan busa irin na Turawa, wanda 'yan fanfar, wato ƙungiyar masu busar fareti, ke kira anche da Faransanci. Algaitar fadar lamiɗo harsuna biyu gare ta suna bugun juna, kilarinet kuwa ɗaya tak, don haka idan ɗayan nan ya gaza babu mai rufa masa asiri. Ledar tana riƙe wa harshen danshin da ya baro Faransa da shi. Idan aka farke ta a Marwa, a arewacin Kamaru, cikin Fabrairu, lokacin da laimar iska da tsakar rana kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, cikin 'yan awoyi karan ya saki ruwansa. Wannan bai kashe shi ba, domin busasshen harshe da ba a taɓa jiƙawa ba yana shekaru a ajiye. Abin da ke cin sa shi ne ya jiƙe sharkaf a baki, ya bushe ƙarau a akwati, gobe a sake. A Duwala tazarar da ke tsakanin jiƙewa da bushewa kaɗan ce. A nan arewa, daga Garwa har Injamena, tazarar babba ce, shi ya sa harsuna da yawa ke lalacewa tun busa ba ta gajiyar da su ba.

Karan da ake yanka shi sunansa Arundo donax, mai rami a ciki kamar gora, ana noma shi a yankin Var na kudancin Faransa, da Sifen da Ajantina. Vandoren, wanda aka kafa a Paris a 1905, da karan Var ya yi suna. Idan ka ɗaga harshe a gaban fitila za ka ga jijiyoyi sun miƙe daga gindi zuwa tsini, da wani duhu a tsakiya mai siffar kan mashi, wanda ake kira zuciya. Tsinin na shuɗin kwali kaurinsa milimita 0.09 ne, gindin kuwa 2.8. Abu mai wannan siranta ne ke karkarwa sau ɗaruruwa a kowace daƙiƙa muddin ana busa. A hankali jijiyoyin suna sanyi, ruwa yana wanke wani ɓangare na abin da ya manne su, yawu kuma yana barin datti a cikin ramukan karan har su toshe. Gajiyar jijiya ba ta da magani. Toshewa da kumburi su ne ake iya jinkirtawa.

Sabon Vandoren yana da taurin kai. Lambar ƙarfi 2½ ɗinsa ta yi kusa da lamba 3 na Rico mai kwalin ruwan lemo, kuma ɗalibai da yawa ba su san haka ba, sai su sayi lambar da suka saba su ji kamar suna hura taya. A kwanakin farko karan yana shan ruwa da sauri. In aka matsa masa minti 30 a ranar farko, tsinin zai yi duhu, ya zama kamar takardar da mai ya taɓa, sautin ya dushe, kuma harshen ba zai koma daidai ba. Hanyar da ta fi ita ce a buɗe huɗu kawai, a bar shida a ledarsu. A rubuta musu 1 zuwa 4 da fensir a ɓawon gindi. A tsoma kowanne a ruwa mai tsabta minti 2 zuwa 3, a busa minti 5 ba da ƙarfi ba kuma ba a hau muryoyin sama ba, a share da yatsa, a ajiye. Washegari minti 10, jibi 15. Daga kwana na huɗu ko na biyar a ba shi aiki sosai. Cikin kwali guda ba duka ke fitowa iri ɗaya ba: wasu suna amsawa tun ranar farko, wasu sai an ɗan gyara, ɗaya ko biyu na atisaye ne kawai. Wannan halin kara ne, kowane kamfani haka yake.

Inda Vandoren ya biya kuɗinsa shi ne tsakiyar rayuwarsa. Zuciyarsa tana da nama, sautin yana da cika, muryoyin sama suna tsayawa daram, kuma ya fi Rico jimawa a wannan hali. Rico, wanda D'Addario ya saya a 2004, yana amsawa nan take, ya fi sauƙin kuɗi, ya dace da yaron da ya fara koyo wanda zai fasa tsinin da haƙori ko da wuyan riga kafin harshen ya tsufa. Amma yana saurin laushi, kuma wanda ya fara neman sauti mai kauri zai ji iyakarsa. Harshen kara da aka kula da shi yakan ba da awa 15 zuwa 20 na busa mai kyau. Mai busa awa guda kullum da harsuna huɗu yana juya su zai kai wata biyu. Mai harshe ɗaya da ba ya sauka daga bakin kilarinet, mako biyu ma sai an yi sa'a.

A hunturu abu biyu ke faruwa, kuma mutane suna rikita su da mutuwar harshen. Na farko tsini ya yanƙwane, ya yi tudu da kwari kamar kwanon rufi. Wannan bushewa ce kawai. A jiƙa shi minti 3 zuwa 5, a kwantar da tsinin a kan gilashi ko a shimfiɗaɗɗen bayan bakin kilarinet, a danne da babban yatsa na 'yan daƙiƙu, zai miƙe. Na biyu ya fi tsanani: bayan harshen, wanda ya kamata ya kwanta lif a kan bakin kilarinet, ya kumbura a tsakiya, gefuna su ɗaga. Daga nan iska ke zurarewa. Mai busa zai ji harshen ya yi nauyi, ƙananan muryoyi suna fitowa da huci, tsuwa tana kuɓucewa ba gaira ba dalili, sai ya ɗauka lambar ce ta yi masa ƙarfi. Gwajin ba wuya. Ɗaura harshen a jiƙe, cire bakin daga jikin kilarinet, toshe ƙasansa da tafin hannu, zuƙe iskar da ke ciki, ka cire leɓe. Lafiyayyen harshe zai manne na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ya saki da ƙara, ɗas. Idan bai manne ba ko kaɗan, akwai yoyo. A tabbatar da gilashi: kwantar da shi, danna gefen dama, danna na hagu, in yana lilo ya kumbura. Gyaransa samfefa mai lamba 600 a kan gilashi, yatsu uku a kan ɓawon, a goga baya sau 5 ko 6, tsinin yana waje da samfefar don kada a ci shi. A gwada, in da saura a ƙara kaɗan. Kowace guga tana rage masa ƙarfi, don haka ba a yi fiye da sau biyu ko uku a rayuwar harshe.

Rigakafin kumburin shi ne kada ya bushe da gaggawa. D'Addario na sayar da akwatin harsuna mai ɗauke da 'yar jakar danshi ta kashi 72, kuma tana aiki, sai dai a hunturunmu tana saurin ƙandarewa idan ana barin murfi a buɗe, ga shi sai an aiko da ita daga Yawunde ko Duwala. Akwai dabarar gida mai kama da ita. Gishirin girki da aka ɗiga wa ruwa har ya yi damshi, bai narke duka ba, yana riƙe laimar kusan kashi 75 a cikin rufaffen mazubi. A zuba cokali biyu a ƙaramin murfi, a sa shi cikin roba mai rufuwa ruf, a jera harsunan a kan gilashi ko cikin mariƙinsu, kada gishirin ya taɓa su. A share ruwan jikinsu kafin a sa. A ajiye robar a wuri mai sanyi, kusa da randa misali. Akwatin bayan babur da ɗakin kwano da rana, a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, tanda ne.

Da damina ta kankama lissafin ya juye. A Agusta, musamman a Ngaundere da Garwa, rufaffiyar roba mai danshi gidan fumfuna ce. A cire gishirin, a bar harsuna su sha iska a inuwa. Harshen da ya yi ɗigon baƙi ko kore a gangarensa a jefar da shi ko da sabo ne, domin fumfunar ta shiga ramukan karan, kuma bakin mutum zai koma. Ɗigon ruwan ƙasa da ke kan ɓawon gindi tun daga kwali ba fumfuna ba ce, launin kara ne.

Goro da shayi mai sukari suna rage kwanan harshe fiye da yadda ake zato. Jan goro yana rina shi, sukari yana ciyar da ƙwayoyin cuta, garin abinci yana cika ramuka. Kurkure baki da ruwa kafin busa ya wadatar. Tsoma tsohon harshe na 'yan mintuna a ruwan oksijene mai kashi 3, wanda ake samu a farmasi, yana fitar da datti ya dawo da ɗan haske na kwana biyu ko uku, a ɗauraye shi sosai daga baya. Ƙurar hunturu kuma tana zama tsakanin harshen da bakin kilarinet, don haka a riƙa kwance shi bayan kowace busa ana wanke duka biyun.

Mutuwar gaske tana da alamominta. Harshen yana yin sauƙi fiye da kima, sautin ya siranta ya yi zizar ƙuda, muryoyin sama su sauka ƙasa da inda ya kamata komai matsin leɓe, kuma idan aka hura da ƙarfi sai ya liƙe da bakin kilarinet ya toshe sautin. Launinsa ya tashi daga ruwan zuma zuwa toka-toka. In aka tura tsinin a hankali da farce, ba ya dawowa da kuzari. Tsagewar da ta bi jijiya daga tsini zuwa ciki, ko ɓallewa a tsakiyar tsini, ita ma ƙarshe ce. Ɗan ɓalli a kusurwa yakan yi atisaye. Abin yanke tsini, coupe-anche, idan aka cire da shi abin da bai kai rabin milimita ba, yana ƙara ƙarfi na 'yan kwanaki, sau ɗaya. Haɗarin harshe guda shi ne yana laushi kaɗan-kaɗan, leɓe yana bin sa yana rauni, mai shi bai sani ba. Ranar da ya ɗaura sabo sai ya ce kwalin ne mara kyau. Shi ya sa ake shigo da sabon harshe cikin huɗun tun tsofaffin suna da rai, a riƙa auna su da shi.

Légère, na kamfanin Kanada, da robar polypropylene ake yin sa. Ba ya shan ruwa, don haka ba ya yanƙwanewa, ba ya kumbura, ba ya fumfuna. Ga faretin Ranar Matasa ta 11 ga Fabrairu da na Ranar Ƙasa ta 20 ga Mayu, inda fanfar ke tsaye a rana ana jiran manyan baƙi sannan a ce a tashi nan take, babu kamarsa, domin na kara ya riga ya bushe a kan baki. Guda ɗaya kuɗinsa ya yi kusa da kwalin Vandoren cikakke, amma yana watanni. Lambobinsa suna tafiya da rubu'i, 2¾, 3, 3¼, kuma kuskuren rubu'i ɗaya ana jin sa, ga shi ba ya karɓar samfefa kamar kara. Yana da santsi, maɗauri mara riƙo zai bar shi ya goce, kuma ɗan gocewa kaɗan yana canza sautin. Tsininsa garai-garai ne, daidaita shi cikin rana sai an natsu. Bayan kamar awa guda ana busa cikin zafi yakan yi laushi, sai ya huta ya dawo, don haka mai dogon aiki biyu yake bukata. Tsufansa ba ya nunawa a launi, a kunne ake kama shi, ko a ga siririyar tsaga a tsini. A muryoyin sama, cikin ɗaki, Vandoren mai kyau ya fi shi zaƙi.

Jabun Vandoren suna yawo a kasuwa, musamman ta intanet, kuma arha mai yawa ita ce alamar farko. Kamfanin yana buga lambar tantancewa da ake iya dubawa a shafinsa. Jabu yawanci zuciyarsa a karkace take, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ana gani da an ɗaga shi a fitila. Shugaban fanfar da zai yi oda sau ɗaya a shekara, Rico 2 ko 2½ ya ishi masu koyo, shuɗin Vandoren 2½ ko 3 ga waɗanda leɓensu ya ƙosa, da Légère ɗaya a akwatin kowane mai jan gaba saboda ranar fareti. Kwalayen da ba a buɗe ba a bar su a ledarsu, a ƙasan kabad, nesa da bangon da rana ke duka.