Hattara da masu sayar da tirelar daji mai ƙarin wuya

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga masu neman ƙaramar tirela ta hannu, irin wadda ake maƙala wa Hilux ko Land Cruiser ko tarakta don shiga gona da hanyoyin daji. Akwai dillalan da ke sayen tirelar da wuyanta ya karye ko ya lanƙwashe a haɗari. Wuya shi ne ƙarfen da ya fito daga gaban shasi ya kai ga maƙalin mota. Sai su yanke inda ya lalace, su jona wani fayif baki da baki, su yi walda, su goge wajen da giranda har ya yi sumul, su cike ramukan da fila, wato kwaɓin da masu gyaran jikin mota ke shafawa don rufe lotsawa, su malala baƙin fenti mai kauri. Daga nan sai hoto a Facebook ko WhatsApp da cewa 'yar Beljiyam ce, an ƙara mata tsawo da ƙarfi saboda daji. Abin da suka ɓoye shi suke tallatawa, har da ƙarin kuɗi a kai.

Ƙara tsawon wuya ba laifi ba ne a kan kansa. Dogon wuya na sauƙaƙa ribas, yana kuma hana kusurwar tirela dukan bayan mota a kwana mai tsanani. Amma duk tsawon da aka ƙara, ƙarfin lanƙwasa da ke sauka a gindin wuyan, inda ya haɗu da shasi, ƙaruwa yake yi, ballantana idan an ɗora safaya da jarkoki a kai. A kan gargada ƙarfen yana lotsawa yana miƙewa ba iyaka, tsaga kuma takan fara ne daga gefen walda, inda zafi ya sauya ƙarfen. Tana ci a hankali a ƙarƙashin fenti, ranar da aka loda buhun taki 20, wato kilo 1,000, aka faɗa kwazazzabo, sai wuyan ya ɓalle gaba ɗaya.

Ku je da rana tsaka, da mai waldar da kuka yarda da shi, kada ku dogara da wanda dillalin ya kawo. Ku riƙe mayen ƙarfe, ƙaramar guduma, tef ɗin awo, tocila, kananzir da alli. A bi wuyan da mayen ƙarfe daga maƙali har gindi, ta dukkan fuskoki huɗu. Inda ya ƙi kamawa ko kamunsa ya yi rauni, akwai fila a ƙasa. A ƙwanƙwasa da guduma: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, wajen fila ko tsatsar ciki kuwa amonsa a dushe yake. Sannan a kwanta a haska ƙasan wuyan, don masu wannan aiki sun fi gyara sama da gefe, ƙasan kuma nan ake ganin ɗanyar walda mai ƙuraje da ƙananan huji.

Idan an sami mahaɗa, a kankare fentin kamar faɗin yatsu uku kowane ɓangare. A shafa kananzir, a bar shi minti goma ya shige, a goge ƙarfen ya bushe, a shafa alli, a ɗan bubbuga. Idan akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shiga zai dawo ya zana siririn layi a kan allin. Dillalin da ya hana kankare fenti kada a tsaya ja-in-ja da shi, a bar masa kayarsa.

Mahaɗar kirki tana da kama. Ko dai an zura wani ƙarfe a ciki ya ratsa ɓangarorin biyu, aka huda aka kama shi da walda ta gefe, ko an rungume mahaɗar da faranti biyu masu tsini a baki kamar lu'u-lu'u, don nauyin ya bazu maimakon ya taru a layi guda. Waldar da ta yanka saman wuyan a gicciye, musamman dab da gindi, ita ce mafi haɗari. A kuma auna kaurin ƙarfen ta buɗaɗɗen baki ko ta hujin noti. Idan na asali milimita 4 ne, wanda aka jona kuwa 2 ne irin na ƙofa da taga, magana ta ƙare. Wuya mafi aminci shi ne wanda ya wuce ƙarƙashin shasi ya kai kusa da maƙalin sifirin, ba wanda aka liƙa a ƙarfen gaba kawai ba. Idan tirelar mai rufin zinki ce, walda tana ƙone zinkin, sai su fesa fenti ruwan azurfa. Kalarsa ta fi ta asalin ƙyalli, kuma yana kankaruwa da farce.

A auna daga tsakiyar maƙali zuwa tsakiyar kowace taya. Awo biyun ya kamata su zo ɗaya, in ban da 'yan milimitoci. Bambancin santimita ɗaya ko biyu na nufin wuyan a karkace yake, tirelar za ta riƙa tafiya gefe-gefe tana cin taya ta ɓari guda.

Maƙalin ma ana cuta a kansa. Ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, wanda maƙalin tirela ke hawa kansa, na Turai milimita 50 ne, na Amurka mai inci 2 kuwa 50.8 ne, a ido ba a rabewa. Maƙalin Amurka a kan ƙwallon Turai yana da sako-sako, zai iya ɓallewa a rami. A maƙala, a kulle, a ɗaga wuyan da jak: ya kamata bayan motar ya tashi tare da shi. Notunan da ke riƙe maƙalin su kasance masu lambar ƙarfi 8.8 ko sama a kai, mai 4.6 ko marar lamba bai dace da wajen ba. Farantin da ke nuna nauyin ɗauka kuma na tirelar ne kamar yadda ta fito daga kamfani, ba ya shaidar ƙarfen da aka jona daga baya.

Tirelar Turai da nauyinta da kaya ya haura kilo 750 da birki take zuwa, galibi irin wanda maƙalin ke zamewa baya ya ja sanda idan mota ta taka birki. Masu ƙara wuya sukan cire sandar saboda ta gaza tsawo. A ja birkin hannu a tura tirelar. Idan ta gangara, babu birki. Sarƙoƙin tsaro biyu kuwa a tabbatar an kama su a bayan mahaɗar, domin idan suna gabanta, ranar da wuyan ya karye za su tafi da guntun ne su bar tirelar a kan titi.

Kada a tura kafin alƙalami saboda hoto ko don an ce wani na hanya da kuɗi. Gwajin tirela ba kaya a kan kwalta bai nuna komai. A loda ta, a bi hanyar burji kilomita biyar zuwa goma, a dawo a sake gwajin kananzir da alli a mahaɗar da gindin wuyan. Idan tirelar ta yi muku amma wuyan ya faɗi gwaji, a cire kuɗin sabon ƙarfe guda marar jone da ladan walda daga farashin, a rubuta hakan a takardar ciniki gaban shaidu.