Sikawut ɗin yara ƙanana a Kaduna: abun da na gani a tsarinsu na wata-wata

Iyayen 'yan ajin yarona sun ishe ni da tambaya wai sikawut ɗin nan da na sa shi yana da amfani ko ɓarnar kuɗi ce kawai, to bari in amsa gaba ɗaya in huta. Ina yabawa gaskiya, amma ba duka ba, kuma yabon da ƙorafin duk a wuri ɗaya suke, wato tsarin da suke bi na ba kowane wata nasa jigon.

Ga wanda bai sani ba, wannan ba sikawut ɗin samari bane masu ɗaukar sanda, na ƙanana ne 'yan wajen shekara 8 zuwa 11. Baden-Powell da ya kafa sikawut a Ingila a 1907 shi ya ware ma ƙananan nasu sashen a 1916, mu kuma shi sikawut ɗin ya shigo Najeriya tun 1915. Ana raba yaran shida-shida kowane rukuni da ɗan shugabansa, malamin kuma Akela suke ce mishi, ni dai Malam nake cewa. Namu a wata makaranta suke haɗuwa nan wajen Malali duk Alhamis bayan la'asar, kuma wannan ma dabara ce mai kyau tunda ba Islamiyya ranar. Farkon wata sai Malam ya turo mana jigon watan da kayan da za a kawo ta WhatsApp.

Watan da yafi burge ni Janairu ne, wuta da taimakon gaggawa. Lokacin hunturu ya kankama, kowane gida ana hura gawayi ana jona hita a bokiti, kusan kullum sai kaji labarin gobara a wata unguwa ko kasuwa, to abun ya zo daidai kan gaɓa. An koya musu in wuta ta kama rigarka kar ka gudu, ka kwanta kayi ta birgima. In mutum ya ƙone a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi kaman minti 20, ba ƙanƙara ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba man goge baki ko manja da muka saba shafawa ba. In kaji warin gas kar ka taɓa makunnin lantarki, buɗe taga ka kira babba. Lambar kiran gaggawa ta 112 kuwa har waƙa suka yi mata, ya ishe mu da ita a gida.

Ana cikin watan sai ƙanwarsa tayi haɓo da yamma, kun san yadda iskar hunturu ke busar da hanci. Surukata na zaune kan tabarma tace maza a ɗaga kanta sama, ni ma har na kama haɓarta zan ɗaga, sai ga yaron nan da gudu yace "Hajiya ba haka ake ba, Mama sake ta." Ya zaunar da ita kan kujerar tsakar gida, ya sunkuyar da kanta gaba kaɗan, ya sa yatsu biyu ya matse tattausan hancin yace ta dinga numfashi ta baki, wai in aka ɗaga kai jinin maƙogwaro yake bi ta haɗiye. Ya sa na duba agogon waya minti 10, ko sau ɗaya bai saki ba duk da tana ta mutsu-mutsu tana kuka. Da ya saki jini ya tsaya. Hajiya ta riƙe baki tace "to mai gida, ashe likita na aura ban sani ba." Tun ranar abbansu ya daina cewa kuɗin sikawut asara ne.

Na hutun Afrilu ma yayi daɗi. A Amurka akwai tseren 'yan motocin katako da ƙananan sikawut ke yi tun 1953, ana siyar musu da katakon da tayoyin a kwali. Malam bai ce mu nemo wannan ba, cewa yayi kowane rukuni ya haɗa motarsa da abun da ya samu, kara ne, gwangwanin madara ne, waya ce, tayoyi kuma na tsohon silifas irin dai wadda yayyenmu maza ke yi da. Kafin nan ya kai su Panteka suka ga yadda maƙera ke yanka ƙarfe da langa-langa suna fitar da murhu da akwati da tukunya. Sati uku gidana ya koma gareji, wuƙata ta yanka albasa ta dakushe, amma yaron da ada in ba waya ba ba ya zama wuri ɗaya sai gashi yana auna gatari da zare dan tayar kar ta karkace. Motarsu ta biyun ƙarshe tazo, bai ma damu ba.

Fabrairu tarihi suka yi saboda 22 ga watan ce ranar haihuwar Baden-Powell, aka haɗa da kai su Arewa House gidan Sardauna da Gamji Gate suka hau gadar Lugga wadda aka yi a Zungeru a 1904 aka ɗauko ta zuwa Kaduna a 1954. Maris azumi ne ga zafi, sai aka rage lokaci aka yi batun ruwa da tsafta da haɗa ruwan gishiri da suga, lita 1 na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ba laifi.

Yanzu ga inda suka ɓata min rai. Nuwamba yaro ya dawo min da talotalon takarda, an manna mishi gashin kwali kala-kala, wai jigon watan godiya ne. Da na bincika ashe daga jadawalin Amurkawa aka kwafo a intanet, su a watan suke bikin godiyarsu na cin talotalo ranar Alhamis ta huɗu. To mu ina ruwanmu? Godiya abu ne mai kyau ba wanda ya ƙi, amma Nuwamba a nan kaka ce, ana girbin dawa ana casar shinkafa, fita kaɗan hanyar Zariya zaka ga masara jibge a bakin titi, yaran nan rabinsu basu taɓa ganin yadda ake sussuka ba, basu san citta daga wajen Kachia take zuwa ba, sai a zaunar da su a aji suna yanka takarda. Rigar aro ce kawai kuma bata zauna musu ba. Haka watan sararin samaniya, aka turo mana jerin kaya har da wani kwali mai ƙyalli da gam na musamman, na zaga kasuwar Gumi ƙafata ta gaji, ƙarshe roket ɗin kwana biyu yayi ƙanwarsa ta zauna a kai. Da tabarma aka shimfiɗa musu da daddare aka nuna musu taurari irin su Kaza da 'Ya'yanta da Zara da yafi, ko kwabo ba za a kashe ba.

Mayu kuwa sunan jigo ne kawai a takarda, fareti ya cinye watan kaf saboda ranar yara 27 ga wata, hagu dama hagu dama cikin rana har yaro ya fara cewa kansa na ciwo in Alhamis tazo.

Sai babbar matsalar da nake ganin daga tsarin kanshi take, in wata ya wuce to ya wuce kenan ba a waiwaye. A Yuli sun shuka dogon yaro da mangwaro a bayan makaranta, kowane rukuni da nashi, har hoto aka turo mana. Agusta na shiga aka koma batun zango wato kwana a tanti, ba wanda ya sake leƙa shukar, ba a kewaye ta da ƙaya ko kwando ba, awaki suka yi walima. Ƙulle-ƙullen igiya da ya iya tsaf a Oktoba, da na ce ya ɗaure min igiyar shanya bayan 'yan watanni sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Minti goma a farkon kowace haɗuwa a maimaita na baya ai da ya wadatar.

Zangon a cikin harabar makaranta aka yi, kuma ni hakan yafi min, da yanayin tsaron da ake ciki ba uwar da zata yarda a kai mata ɗa daji ya kwana. Ruwa ya zane su tanti ɗaya ya yi yoyo, sun dafa taliya da manja da kansu rabi ɗanye, ya dawo da cizon sauro duk da gidan sauron da na haɗa mishi, kuma har yau labarin yake bayarwa. Wani abun da naji daɗi akwai yaran Kirista a cikinsu, biyu ma a rukuninsa suke, in lokacin salla yayi ana tsayawa su kuma suyi tasu addu'ar, a Kaduna wannan ba ƙaramin abu bane.

Batun kuɗi, rajistar bata da yawa, yunifom da hula da ƙyallen wuya ne zasu ɗan taɓa aljihu da farko, sai kuma 'yan kawo kaza kawo kaza na kowane wata waɗanda in ka tara sun fi rajistar. In zaki sa naki, ki ce a baki jadawalin shekara gaba ɗaya kafin ki biya, ki duba ko ya dace da damina da hunturu da azumi, ki tambaya manya nawa ke raka su in za a fita da kuma motar da za a shiga. Ni na sake biya mishi na bana, kuma na faɗa ma Malam ido da ido batun talotalon nan, yace in har wani cikin iyaye zai bada gonarsa to Nuwamba mai zuwa girbi za a yi. Abbansu yana da aboki mai gona wajen Maraban Jos, na sa shi ya fara yi mishi magana.