Gargaɗi ga masu kwamfuta a Maradi: in ekaran ya yi duhu, kada ku yi saurin yarda da "gilashi ya mutu"

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokofi ta wajen unguwar Ali Ɗan Sofo, kwamfutoci uku ne jarina, da su nake ciyar da iyali. Abin da zan ba ku labari ni ya sama, ba an ce ba ne, kuma na rubuto shi ne don na tabbata wanda ya yi mini yana nan yana yi wa wasu.

Cikin watan Afrilu ne, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Na kunna kwamfutar da na fi aiki da ita da safe, hoto ya fito tas, ban gama zama ba ya ɗauke. Ƴar fitilar da ke jikin maɓallin kunnawa tana nan a kunne, injin yana gurnaninsa yadda ya saba, amma fuskar ekaran (allon da ke nuna hoton kwamfuta) baƙi ƙirin. Na kashe na sake kunnawa, hoto ya leƙo kamar daƙiƙa biyu ya koma. Ga ɗalibai biyu daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo zaune suna jiran a gyara musu shafukan kundinsu. Sai na tuna da wani yaro da ke yawan saka talla a wani zauren WhatsApp da nake ciki, wai yana gyaran ekaran da talabijin a rana ɗaya. Na rungumi abina na hau kabu-kabu zuwa shagonsa, can bayan babbar kasuwa.

Yaro ne mai ladabi, ko kuwa mai nuna ladabi. Ya tare ni da "sannu da zuwa Alhaji", ya karɓi ekaran ya shige da shi bayan labule, ya ce kuɗin dubawa jika 2, in dawo bayan la'asar. (Ga ƴan'uwanmu na Najeriya, jika a nan sefa 1000 ce.) Da na dawo sai na tarar da shi yana girgiza kai. Ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, gilashin ne ya ƙone. Babu irinsa a Maradi, sai an aiko daga Kano, kuma da kuɗin mota zai kai jika 30. Ni dai ban ba ka shawarar ka gyara ba, ya fi kuɗin ekaran ɗin kansa." Wannan maganar ta ƙarshe ita ta sa na yarda da shi, don na ga kamar yana tausaya wa aljihuna ne. Daga nan ya ce in bar masa gawar ya ba ni jika 3, ko robar da kusoshin za su yi masa amfani, ga kuma wani ekaran na hannu mai inci 19 a kan tebur, a kunne, ana kallon ƙwallo a cikinsa. Muka daidaita a jika 22. Ban karɓi takarda ba, shi ma bai yi tayin ba ni ba.

A daren nan ekaran ɗin da na saya ya yi aiki lafiya. Washegari da safe sai ya dinga ƙiftawa, sai ya yi kusan minti 20 kafin ya tsaya, kuma farin shafi yakan fara da ja-ja kafin ya washe. Na kira yaron ya ce ƙarancin wuta ne, in sayi na'urar daidaita wuta. Kwana tara ya yi a hannuna, ranar na goma ya yi duhu, har da ɗan ƙaurin roba.

Wani maƙwabcina ne ya kai ni wurin wani dattijo a Sabon Gari, tsohon mai gyaran rediyo da talabijin tun zamanin masu ƙaton baya. Bai taɓa sukurdireba ba tukuna. Ya jona ekaran da kwamfutarsa, ya jawo ƙofa ɗaki ya yi duhu, ya kunna tocila ya manna ta kusa da gilashin a karkace, ya ce, "Ɗana, matso ka duba." Na duƙa na duba. Wallahi ga hoto nan, dishi-dishi kamar inuwa, har ina ganin kibiyar linzami tana motsi in ya ja ta. Ya ce, "To gilashin da ya mutu ba ya zana komi. Wannan fitilar bayansa ce ta ɗauke."

A nan na san abin da ban sani ba shekara da shekaru ina zaune gaban abin nan. Gilashin irin wannan ekaran, wanda ake kira LCD, ba ya ba da haske da kansa. Aikinsa ya buɗe ya rufe ƙananan ƙofofi don haske ya wuce ta launin ja, kore da shuɗi, hasken kuwa daga fitilar da ke bayansa yake zuwa. In fitilar ta mutu, gilashin yana ci gaba da zana hotonsa cikin duhu, ido ne kawai ba ya gani. Tsofaffin ekaran, irin waɗanda suka cika kasuwarmu ta kayan hannu, suna da siraran kwalaben haske da ake kira CCFL, kamar dogon ƙwan lantarki amma siririnsu bai kai fensir ba, galibi biyu ko huɗu a gefen sama da ƙasa. Su ba sa kamawa da ƙaramar wuta. Akwai sashen da ake ce wa inbata (ba irin ta sola ba) wanda ke ɗaga wutar zuwa ɗaruruwan volt, lokacin tashi ma har sama da 1000. Daga wajajen 2010 zuwa sama kamfanoni suka koma jeren ƙananan fitilun LED, waɗanda ake jonawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa in ƙwaya guda ta yanke sai layin gaba ɗaya ya mutu.

Waccan leƙowar ta daƙiƙa biyu da ekaran ɗina na farko ya yi ma, Baba, wato dattijon nan, ya ce tana da ma'ana. Inbata tana da mai gadi a cikinta. In ta kunna fitilu ta ji ɗaya ba ta jan wuta daidai, ko don ta tsufa, ko waya ta saki, ko ƙaramin taransifoma ya lalace, sai ta kashe duka don kada wuta ta tashi. Wato ekaran ɗin da ke nuna hoto ya ɗauke, da bakinsa yake gaya maka gilashinsa lafiya lau.

Da ya buɗe bayan, a gabana, ya nuna mini farantin wuta. A kansa akwai ƙananan gwangwanaye a tsaye, kondansate, waɗanda a Kano ake ce wa kafasito. Mai lafiya kansa a shafe yake. Uku daga cikin nawa sun kumbura, ɗaya har ya fitar da wani abu ruwan ƙasa ya bushe. A jikinsu an rubuta 1000 µF, 25 V. Akwai ruwan sinadari a cikinsu, zafi ne ke busar da shi, kuma masu sana'ar suna lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanansu. To ku haɗa tsohon kaya da ya riga ya yi shekaru a wata ƙasa, da zafin Maradi, da ƙurar hunturu da ke toshe ramukan iska, da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa. Kowane ɗaya dala 40 ya saya mini, sefa 200 ke nan, kuma ya nace sai mai rubutun 105°C, wanda ya fi jure zafi, ba 85°C ba.

Sai kuma abin da ya fi ɓata mini rai. Kondansate da ya gaji, in ya ɗumama yakan farfaɗo ya yi aiki kamar ba abin da ke damunsa, in ya huce sai ya ƙi tashi. Shi ya sa na tarar da ekaran a kunne ana kallon ƙwallo. Ba don nishaɗi aka bar shi ba, don kada ya huce ne. Bayan haka Baba ya juya farantin, ya yi shiru, sannan ya nuna mini sabuwar dalma a ƙafar wani ɗan baƙin guntu. An yi wa mai gadin nan dabara ne don ya daina kashe wuta. Ɗaya daga cikin fitilun ta riga ta ƙare, bakinta ya yi baƙi, ita ce ke ba da ja-jan nan da safe. Maimakon a canza ta sai aka rufe wa mai gadi baki, wuta ta dinga tartsatsi a gindin wayar har robar wurin ta narke. Ƙaurin da na ji ke nan. Shagona cike yake da takardu, kuma akwai daren da nake barin injin a kunne in tafi sallar isha'i. Jika 22 ba su dame ni kamar wannan ba. Mutum ya san abin da ya ɗaura, ya kuma miƙa maka yana ce maka Allah ya sa albarka.

Gyaran duka, da fitila ta hannu mai kyau da ya ciro daga wani fasasshen ekaran, da ladan aikinsa, jika 5 ya tsaya. Ya gaya mini gaskiya cewa canza fitila aiki ne mai wuya, don sai an warware firam ɗin gilashin a hankali, ƙura kaɗan in ta shiga za ka gan ta a hoto har abada, kuma wani ekaran ɗin tsufansa bai cancanci wahalar ba. Ya ce gilashi yana mutuwa ƙwarai, amma da alamarsa: tsagewa, ko baƙin tabo kamar an zubar da tawada, ko layukan da ba sa gushewa. Ko fari fat babu hoto ma ba lallai gilashi ba ne, sau da yawa igiyar ciki ce ta saki ko farantin hoto. In kuwa ko ƴar fitilar maɓalli ba ta kama ba, to a fara da igiyar wuta da farantin wuta.

Ban gama jin zafin wannan ba, sai na shiga shagon wani abokin sana'a ta wajen unguwar Zariya in karɓi tawadar firinta. Ina ɗaga kai na ga ekaran ɗina. Nawa na farko, wanda aka ce gawa ne. Akwai wurin da maganin sauro ya taɓa narkar da robar ƙafarsa ta hagu, ni na san ranar da abin ya faru. Yana aiki, haskensa tar. Na tambaye shi inda ya samo, ya faɗi shagon yaron nan, jika 23. Ku lissafa: ya ci jika 2 na dubawa, ya karɓi kayana a jika 3, ya sa masa kondansate na ƴan daloli ya sayar 23, ni kuma ya liƙa mini marar lafiya a 22. Zamba cikin aminci ba ta wuce haka.

Na koma wurinsa tare da abokin nawa. Ladabin nan duk ya tafi. Ya ce ekaran ai kamanni ne, kamfani ɗaya ke yin dubbai, ina shaidata? Ba ni da ita. A bayan kowane ekaran akwai takarda manne mai lambar da babu wani mai irinta, da na ɗauki hotonta da waya kafin in fita daga shago da magana ta ƙare a nan. Muka kai ƙara wurin dattijon da ke shugabantar ƴan layin, aka yi zaman sulhu, ya mayar mini da jika 10 yana cewa don girman manya ne kawai. A wurin zaman ne wani mai shagon kusa ya ja ni gefe ya ce ni ne na huɗu da ya gani da irin wannan ƙara, har da wata malamar makaranta da aka karɓi kafin alƙalami na jika 15 a hannunta don gilashin da zai zo daga Kano, wata uku tana zarya, kullum sai a ce mota ce ta maƙale a Jibiya.

Ban faɗi sunansa ba don ba ni da takarda, kuma an yi sulhu a gaban manya. Ban da haka ma sunan ba zai tsare ku ba, tunda ba shi kaɗai ke wannan ba. Salon ne nake so ku gane. Duk wanda ya shige da kayanku bayan labule, ya fito da hukuncin gilashi, ya kawo kuɗin da ya san ba za ku biya ba, sannan ya yi tayin sayen gawar, ku ɗauki abinku ku fita, ko da kun yi asarar kuɗin dubawa. Tocilar wayarku ta isa ku yi gwajin nan a gida da dare, kwamfuta tana kunne, kafin kowa ya taɓa. In kun ga inuwar hoto, ku je wurin mai gyara kuna cewa fitilar baya ce ta ɗauke, ku ga yadda maganarsa za ta canza. A buɗe a gabanku, abin da aka cire kuma a ba ku a hannu.

In sayen na hannu za ku yi, kada ku yi cinikin biri a sama. Wanda kuka tarar a kunne, ku sa a zare shi daga wuta, ku je ku yi wata hidimar ku dawo bayan awa ɗaya, ku taɓa bayansa ku ji ya huce, sannan a kunna kuna kallo. Ku buɗe farin shafi ku duba ko akwai ja-ja ko gefe ɗaya ya fi duhu, ku ƙara haske har ƙarshe ku saurara ko yana tsuwa. Mai kayan kirki ba zai ƙi ba. A rubuta lambar bayan a takardar ciniki, da kwanakin da za ku iya mayarwa.

Roƙona ga matasa masu ƙarfin hali: kada jin cewa kondansate dala 40 ne ya sa ku buɗe da kanku. A farantin wutar akwai wani babba mai rubutun 400 V ko 450 V, yana riƙe wuta ko bayan an zare igiya, kuma bugunsa ba wasa ba ne. Fitilun CCFL kuma akwai sinadarin makuri a cikinsu, guba ne, kada a fasa su a ɗaki, kada a jefar inda yara ke tsince-tsince.

Makon jiya na bi ta bayan kasuwa na ga shagon a rufe, an ce ya tashi. Shekaranjiya kuma sai ga talla a wani zauren WhatsApp na ƴan unguwa, da sabuwar lamba, amma hoton teburin nan ne da labulen nan shuɗi. A ƙasa an rubuta: muna sayen matattun ekaran da talabijin, muna zuwa har gida.