Mai shan shabu: ɗaki a gida ko asibitin Irada?

A unguwannin Hausawan Makka da Jidda, inda kowa ya san kowa, iyali kan kulle mai shan shabu (ƙwayar maye ta methamphetamine) a ɗaki don rufin asiri. Kwana biyun farko barci zai yi ta yi, ya farka da yunwa, har a zaci ya warke. Ba haka ba ne. Baƙin ciki mai nauyi kan biyo baya na kusan kwana 10, lokacin da wasu ke tunanin kashe kansu, kwaɗayin ƙwayar kuma ya ɗauki makonni. Idan ya fara jin muryoyi ko zargin ana binsa, ƙofa ba ta magance wannan.

Asibitin Irada, mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da masu shaye-shaye a Saudiyya, ba shi da allurar da ke cire shabu daga zuciya. Irin wannan magani bai samu ba tukuna. Amma likita na kwantar da ruɗewa, a sa ido a kansa, a ɗora shi kan zaman nasiha. Dokar Saudiyya kuma ba ta gurfanar da wanda ya nemi magani da kansa, ko iyalinsa suka kawo shi, muddin ya miƙa abin da ke hannunsa.

Aikin majinyacin bayan sallama daga asibiti: canza lambar waya, rabuwa da tsofaffin abokai, halartar kowane zama.