Veere ko Schouwen-Duiveland: ina ya fi dacewa ka kai iyali hutu?

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka: kana zaune a Rotterdam, ba ka da mota, kana son ka kai maiɗakinka da yara uku bakin teku su yi mako guda idan an ba da hutun makaranta, kuma wasu sun ce maka Veere, wasu sun ce Schouwen-Duiveland. Na kwana a duka biyun, don haka bari in faɗa maka yadda na gan su.

Duka biyun ƙananan hukumomi ne na karkara a lardin Zeeland, kudu maso yammacin Holan, kuma duka an kafa su a 1997 ta hanyar haɗe wasu ƙananan hukumomi wuri guda. Veere tana kan Walcheren, wani tsohon tsibiri da yanzu ya haɗe da babban yanki, mutanenta wajen 22,000 ne a warwatse cikin garuruwa da ƙauyuka 13, ofishin hukumar yana Domburg. Schouwen-Duiveland tsibiri ne sukutum, ya fi faɗi nesa ba kusa ba, mutanensa wajen 34,000, babban garinsa Zierikzee. A duka biyun noma da baƙi ne ke riƙe da mutane, kuma a watannin Yuli da Agusta Jamusanci za ka riƙa ji a kan titi kamar ka tsallaka iyaka.

Abin da ya fara raba su a wurinka shi ne hanya. Babu tashar jirgin ƙasa a cikin ko ɗaya daga cikinsu, amma Veere ta jingina ne da Middelburg da Vlissingen, kuma duka garuruwan nan biyu jirgi na zuwa. Daga Rotterdam kamar awa ɗaya da rabi ne zuwa Middelburg, kana sauka ka hau bas zuwa Domburg ko Zoutelande, shi ke nan. Schouwen-Duiveland kuwa babu layin dogo a tsibirin gaba ɗaya. Bas ne kawai, ƙauyukan kuma da tazara a tsakaninsu. Mai mota ba ruwansa da wannan, don daga Rotterdam zuwa Renesse kamar awa guda ce. Amma mutum da yara uku da jakunkuna da keken jariri, yana jiran bas a bakin gona iska na kaɗa shi, zai ji a jikinsa. Kusancin Middelburg yana da wani amfanin kuma: akwai masallaci a can da kuma Vlissingen, akwai shagunan Turkawa da Larabawa inda za ka sayi naman halal. A ƙauyukan bakin teku kada ka sa rai da wannan. Ka yi cefanen nama tun daga birni, sauran kwanakin kifi ya wadatar.

Ta fuskar bakin tekun kansa, kowanne na da nasa. Na Veere za ka gane shi da jerin turakun katako baƙaƙe da aka kafa layi-layi daga yashi zuwa cikin ruwa don karya ƙarfin igiya, da ƙananan ɗakunan katako a jere a gindin tudu waɗanda ake haya don ajiye kaya da sauya tufafi. Domburg ne tsohon hannu, tun 1834 ake zuwa wanka can, masu kuɗi da masu zane suka mai da shi wurin hutunsu. Piet Mondrian ya zana cocin garin da tuddan yashinsa kafin ya yi suna a duniya. Har yau shi ya fi tsada. Zoutelande yana fuskantar kudu, tuddai masu tsayi sun kare shi daga iskar arewa, kuma manyan jiragen ruwa masu zuwa Antwerp na wucewa dab da gaɓa, abin da yara ba sa gajiya da kallo. Tsakanin Domburg da Oostkapelle akwai kurmin De Manteling, inda iskar teku ta tanƙwara itatuwa duk suka karkata gefe guda. Ranar da rana ta yi zafi, can ne inuwa.

Na Schouwen-Duiveland ya fi yalwa. A yammacin tsibirin, wajen Renesse da Burgh-Haamstede, yashin yana da faɗi ƙwarai, bayansa kuma tuddai ne da dajin Westerschouwen, wanda shi ne daji mafi girma a Zeeland. Sai dai Renesse ya daɗe da suna a matsayin matattarar samari da 'yan mata, da gidajen giya da kiɗa har tsakar dare. An rage abin a shekarun baya, amma ni dai ba zan sauke iyalina a tsakiyar garin ba a watan Agusta. Burgh-Haamstede ya fi natsuwa. Abu ɗaya kuma da ya shafi duka biyun, wanda gara ka ji daga bakina: akwai sassan gaɓa da aka keɓe wa masu wanka tsirara, da alluna a kafe. Ka duba taswira kafin ku miƙe da tafiya a kan yashi. Ga ƙananan yara ma ni na fi son tafkunan da ke bayan madatsu, wato Veerse Meer a gefen Veere da Grevelingen a gefen Schouwen, don ruwansu a kwance yake. A teku kuwa, idan ka ga jar tuta kada kowa ya shiga, kuma a nisanci turakun nan, ruwa na ja da ƙarfi a gefensu.

Inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne tarihin da kowannensu ke ɗauke da shi, domin ruwa ya taɓa cin su duka biyun, amma ba iri ɗaya ba.

Na Veere mutum ne ya jawo shi da gangan. Ranar 3 ga Oktoba 1944 jiragen yaƙin Ingila suka yi ruwan bama-bamai a kan ganuwar teku ta Westkapelle, don ruwa ya malale Walcheren ya kori sojojin Jamus, hanyar jiragen ruwa zuwa Antwerp ta buɗe. Mutanen ƙauyen sama da 150 suka mutu a ranar, da yawansu a cikin wani injin niƙa mai aiki da iska inda suka fake. Ruwan gishiri ya yi fiye da shekara yana shiga yana fita, ya kashe itatuwa da gonaki. Idan ka je yau za ka ga tankar yaƙi a kan ganuwar, da gidan tarihi na Polderhuis a gindinta, da wani tafki a bayan ƙauyen wanda ba komai ba ne illa ramin da ruwan ya haƙa ta inda ganuwar ta fashe. Ka hau saman ganuwar ka juya baya: rufin gidaje na ƙasa da ƙafarka, teku kuma na gabanka.

Na Schouwen-Duiveland ya zo ne da dare, babu sallama. Daren 31 ga Janairu wayewar 1 ga Fabrairu 1953 guguwa ta haɗu da cikar teku, ganuwoyi suka karye, mutum 1,836 suka rasu a Holan, sama da 500 daga cikinsu a wannan tsibirin kaɗai. Gaɓar da aka toshe a ƙarshe ita ce ta Ouwerkerk, a watan Nuwamba na shekarar, da wasu manya-manyan akwatunan kankare guda huɗu da Ingila ta ƙera tun lokacin yaƙin duniya na biyu. A cikin waɗannan akwatunan aka yi gidan tarihin ambaliyar, Watersnoodmuseum. Har yanzu suna nan a karkace yadda ruwa ya zaunar da su, kana shiga za ka ji sanyin kankare da amsa-kuwwar takunka. A ciki akwai wurin tunawa da mamatan da aka kira 1835+1. Ɗayan nan da aka ware jariri ne da aka haifa a daren, ruwa ya tafi da shi kafin a rubuta shi a ko'ina. Bai ga ranar suna ba. Na daɗe a tsaye a wurin, Malam. Duk wanda ya san abin da ambaliya ta yi wa Maiduguri a 2024, ko abin da damina ke yi wa garuruwan bakin kogi a Jigawa da Yamai, ba sai an fassara masa komai a ɗakin nan ba.

Ba nisa da Burgh-Haamstede kuma akwai Plompe Toren, hasumiyar coci ita kaɗai tilo a kan ganuwa, babu gida ko ɗaya a kusa. Ƙauyenta, Koudekerke, ruwa ya cinye shi sannu a hankali har mutane suka bar shi a ƙarshen ƙarni na 16, aka bar hasumiyar don masu jirgi su riƙa gane hanya. Ka lura, akwai wani Koudekerke mai rai a Veere, kuma akwai Serooskerke a duka ƙananan hukumomin biyu, don haka ka tabbatar wanne ka sa a waya kafin ka kama ɗaki.

A nan Schouwen-Duiveland ta fi Veere a wurina, ba na ko shakka. Ayyukan Delta, wato manyan madatsun kare ƙasar daga teku da aka yi bayan 1953, sun kewaye ta ta kowane ɓangare: Grevelingendam a 1965, Brouwersdam a 1971, sai uwa-uba Oosterscheldekering da aka buɗe a 1986, mai tsawon kilomita 9 da ƙofofin ƙarfe 62 waɗanda ke buɗe kullum, ruwa na shiga yana fita, sai guguwa ta taso a sauke su. Da farko niyyar rufe mashigin tekun Oosterschelde aka yi gaba ɗaya, masunta da masu kare muhalli suka ƙi, saboda ruwan zai mutu tare da sana'arsu. Ga kuma gadar Zeelandbrug ta 1965, mita 5,022. Amma ka sani, madatsar nan mai ƙofofi tana kan hanyar da ta haɗa wuraren biyu ne, tsibirin Neeltje Jans da ke tsakiyarta ma a ƙarƙashin Veere yake. Wanda ya sauka a Vrouwenpolder zai iya zuwa can da keke.

Tsofaffin garuruwa: Zierikzee gari ne sosai, da ƙofofinsa na da, da tashar jiragen ruwa, da gine-ginen tarihi sama da 500, da hasumiyar coci ta Dikke Toren da aka fara a 1454 kuɗi ya ƙare aka bar ta a mita 62. Garin Veere ƙarami ne, za ka zaga shi cikin awa biyu. Arzikinsa na da daga ulun Sukotlan ya zo, don daga 1541 zuwa 1799 nan ne aka yarje wa fataken Sukotlan su sauke hajarsu, gidajensu na nan a bakin ruwa. Da aka datse mashiginsa a 1961 jiragen kamun kifi suka koma Colijnsplaat, garin ya koma cin abinci da baƙi. Yana da kyau ƙwarai, amma da rana tsaka a Agusta ba masaka tsinke. Ku je da sassafe.

Maganar masauki da kuɗi ba ta bambanta sosai ba. Duk abin da ke kallon teku yana da tsada, akwai kuma harajin baƙi da ake lissafawa a kan kowane mutum kowane dare, ka tambaya ko yana cikin kuɗin da aka faɗa maka. Shawarata ita ce ka koma ƙauyukan ciki. Manoma da yawa suna da ɗan fili a gefen gona inda ake kafa tanti ko a kama ƙaramin ɗaki, yara su tashi su ga shanu da dawaki. A Veere akwai Aagtekerke, Meliskerke, Grijpskerke, Biggekerke, duka tafiyar keke ce kaɗan zuwa yashi. A Schouwen akwai Dreischor, wanda gidajensa suka yi wa coci zobe, da Noordwelle. Wasu daga cikin ƙauyukan nan, musamman Aagtekerke da Meliskerke, mutanensu Kiristoci ne masu riƙo da addini sosai. Ranar Lahadi shaguna a rufe, za ka ga iyalai cikin shiga ta mutunci suna tafiya coci, mata da huluna. Ku yi cefane tun Asabar, ku rage hayaniya ranar. Ni na sami sauƙin zama da su, don sun san darajar mutumin da ke tsayar da harkarsa ya yi ibada. Kuma ka tuna su ma suna ɗauke da nauyin wannan yawan baƙin: gidaje da dama sun koma na hutu, 'ya'yan gari na wahalar samun muhalli a inda aka haife su.

Abinci: soyayyen kifin da suke kira kibbeling yana ko'ina, ka tambaya ko an sa giya a kwaɓin. Bruinisse a Schouwen garin masu kiwon ƙumbar teku ne, mu da ke bin mazhabar Malikiyya ba mu da matsala da ita, sai dai sau da yawa da giyar inabi ake dafawa, ka roƙa a yi maka ba ita. Ka saya wa yara bolus, wani burodi ne a naɗe da baƙin sukari da kirfa, yana manne wa yatsu. Rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare a farkon Yuli, ka tsara barcin yara da sallolinku da wannan a zuciya.

To, a yanayinka, ba mota, ga ƙananan yara, Veere zan zaɓa maka. Ka kama wuri a ɗaya daga cikin ƙauyukan ciki kusa da Zoutelande ko Oostkapelle, ku yi hayar kekuna, Juma'a ka shiga Middelburg. Amma ka ware yini guda cur, ko da hayar mota za ka yi, ku bi ta kan Oosterscheldekering ku tsallaka Schouwen: Plompe Toren da safe, Zierikzee da rana, Ouwerkerk kafin a rufe. Idan babban yaronka ya kai shekara goma, ka shiga da shi akwatunan kankaren nan ka bar shi ya karanta sunayen da kansa. Ɗakunan Yuli da Agusta suna ƙarewa tun watanni kafin lokaci, don haka ka fara nema yanzu. Allah Ya kai ku lafiya, a gaida uwargida da yara.