Batman na 1992 ko Invincible, wanne za ka kalla?

Tambayar nan ta yi yawa wallahi, kullum sai an ce in zaɓa tsakanin katun ɗin Batman na 1992 da Invincible na 2021, to ga yadda nake ganinsu.

Batman kowane kashi kusan minti 22 ne kuma yawanci a nan labarin ke ƙarewa, ko daga tsakiya ka faɗo za ka gane. Inda suka fi ƙwarewa shi ne rubuta mugaye, dubi Mr. Freeze, da can ba wanda ya damu da shi amma suka ba shi mata Nora wadda ya daskarar saboda ciwon ajali yana neman magani, mai kamfanin da yake wa aiki ya zo ya ce a kashe na'urar da ta daskarar da ita, sai ka ji kana tausayin mai laifi. Kashin nan har lambar yabo ta Emmy ya ci a rubutu. Harley Quinn ma, 'yar koren mugun nan Joker, a katun ɗin nan aka ƙirƙiro ta.

Invincible kuwa dogon zare ne, kashi ɗaya na haura minti 40, ka tsallake ɗaya ka ɓata, ga cin data. Ƙarfinsa yana kan Mark, wato shi Invincible ɗin, da babansa Omni-Man, yaro ya taso yana ganin uba gwarzo ashe akwai lauje cikin naɗi. Sai dai labaran gefe wani lokacin suna jan ƙafa, jini kam ba a magana.

In da yara za ka zauna ko lokacinka kaɗan ne, ɗauki Batman. In kai babba ne mai son labari mai ci gaba kuma jini bai dame ka ba, Invincible naka ne.